Kafin Ki Kama Aiki a Masana'antar Batir

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya tsare ki a hanyar da za ki bi gobe da wadda za ki riƙa bi kullum bayan nan, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin inji da na mutum. Na san abin dariya ne uwa ta rubuta wa 'yarta wasiƙa alhali bene ɗaya ne tsakaninsu. Daga nan kicin ina jin motsinki kina haɗa kaya. Amma kwana shida ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ni na jawo. Da Hausa na rubuta don na san a hankali za ki karanta. Da Turanci ne da wayo zan yi miki, na iya wayo da Turanci.

“To Dakta, me za ta karanta a Birmingham ɗin?” Hajiya Binta ce ta jefo min tambayar a wajen sunan nan na ranar Lahadi, da farantin shinkafa a cinyarta, mata kusan goma suna jira. Na ce, “Fannin batir ne, na motocin lantarkin nan.” Ta ce, “A uni, jami'ar nan da kika yi?” Na ce, “Kusa da nan dai.” Ta ce, “Masha Allah, 'yar Dakta ai sai Dakta.” Na yi murmushi na karɓi addu'a. Ina juyawa na gan ki a bakin ƙofa da tiren zoɓo. Ba ki tona ni ba. Sai da muka shiga mota, muka kusa kwanar gida, kika ce da Turancinki na Manchester mai haɗiye rabin magana: wai haka na yi wa Babanki.

Sai kuma maganar Gwaggonki Memuna, yayar Babanki. Ita ta ce ki zauna wurinta a unguwar Small Heath da ke Birmingham, tunda bas ɗaya ne daga ƙofarta zuwa inda motar ma'aikata ke ɗaukar mutane. Na tura mata saƙo mai layi uku, na ce na gode, Allah Ya saka da alheri. Amsar ta wayarki ta zo, a gabana kika kunna: “Ummi, ɗaki na share, har labule na canja. Amma ki faɗa wa Dakta, ni ba a ba ni amanar ɗan mutum ta waya. Wadda ta haifa ta zo ta zauna a gabana ta ce ga ta nan. In ba haka ba, ki zo ki ci abinci duk ranar da kike so, amma ba zan riƙe ki ba.” Na ce wane zamani muke ciki. Ke kuma kika fara neman ɗakin haya cikin mutanen da ba ki san ko sunansu ba, kika ce kada in wahalar da kaina. Kin ɗauka nisa ne da aiki suka hana ni taka Small Heath shekara goma sha ɗaya. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba a jirgin ƙasa. Zan gaya miki dalilin, amma sai na fara daga inda kuskuren ya fara, don ya girme ki.

Da scholarship na zo ƙasar nan, ina da shekara ashirin da shida, da akwati ɗaya da girman kan da ya fi akwatin nauyi. A Aston, can cikin Birmingham, na samu ɗaki. Shekara huɗu ina cikin lab, ɗakin gwaji, ina haɗa ƙananan batura masu girman kwabo, in yi musu caji, in sauke, in rubuta yadda suke mutuwa. A lokacin in ka ce batir kake bincike a kai, rediyo mutum zai tuna. Yayyena a Kano mai gyaran tocila suke ce min.

Ina dab da gamawa wani mutum daga ɗaya daga cikin kamfanonin mota ya zo wurin malamina. Ya tsaya a teburina ya fi rabin awa yana tambayoyi. Bayan mako biyu takarda ta zo, suna so in shiga wani ƙaramin sashe da suka buɗe a cikin harabar masana'antarsu, mutum biyar ne kacal a ciki. Malamina, wani tsoho mai rigar sanyi guda ɗaya duk shekara, ya ce in karɓa, wata rana motoci za su daina shan mai. Na yi masa dariyar ladabi. Amma ba rashin yarda da shi ne ya hana ni ba. Zama na yi na kwatanta yadda zan gaya wa kakanki a waya: Baba, na samu aiki a kamfani. A unguwarmu 'yar kamfani ita ce yarinyar da karatu ya gagara, wadda mota ke kwasa da sassafe ta je ta wuni tana naɗe alewa. Kakanki hedimasta ne, ya riga ya gaya wa duk masallacin unguwa 'yarsa za ta zama lakcara a Ingila. Na rubuta wa mutanen na ce na gode.

Lakcarar ba ta zo ba. Kwantiragin wata tara, sai na shekara guda, sai shiru. Kin san inda na ƙare, ina koya wa 'yan shekara sha shida kimiyyar sinadarai suna tambayata ko zai fito a jarrabawa. Halal ne, ban raina ba, amma ba shi na ƙetaro nema ba. Yanzu duk bayan 'yan watanni sai in ga manya a talabijin sun sa hular kwano, sun tsaya a fili da shebur sabo fil wanda bai taɓa ganin ƙasa ba, suna cewa a nan za a gina masana'antar batir, a nan za a ƙera motar lantarki, a gida, ba sai an jira jirgin ruwa daga wata duniya ba. Ni kuma ina zaune da jan biro ina duba takardun yara. Na san duk kalmar da injiniyan da ke bayansu yake faɗa, har inda ya ƙara gishiri na sani.

In aiki ya zo miki, Ummi, aikin za ki duba: me hannunki zai yi daga safe zuwa yamma, me za ki sani bayan shekara uku wanda ba ki sani ba yau. Kada ki auna shi da yadda zai fito a bakin mutane. Waɗanda na ji wa kunya, rabinsu sun rasu, sauran ko tambaya ba su taɓa yi ba. Ranar Alhamis na kira Hajiya Binta na ce mata ba uni za ki ba, masana'anta ce, koyon aiki za ki yi a kan layin haɗa kaya. Na shirya jin shiru mai tsawo. Sai ta ce, “Ai na sani, Dakta. Ɗan Maryam ma ya nema bai samu ba. Ko Ummi za ta sa masa baki in ta zauna?” Kin ji mutanen da na yi wa ƙarya.

Tunda batir ne, bari in gaya miki abin da ba ya cikin kundin digirina. Wata rana wani batirin gwaji, irin mai kama da 'yar jaka, ya suɓuce min ya faɗi ƙasa. Gefensa ya ɗan lotsa kamar an danna da farce. Doka ita ce a faɗa, a rubuta, a sa shi cikin bokitin yashi. Amma ni kaɗai ce baƙar mace mai ɗankwali a duk benen, kuma na yi wa kaina alkawari ba za a taɓa cewa waccan ta yi kuskure ba. Na waiga ban ga kowa ba, na mayar da shi kan na'urar caji. Bayan la'asar ya kumbura ya fara hayaƙi. Wata ɗaliba 'yar Girka da teburinta ke kusa ita ta shaƙa, ta kwana biyu a asibiti. Aka bincika aka ce daga kayan ne. Na kai mata inabi. Har godiya ta yi min.

Naki ba mai girman kwabo ba ne. Wanda za ki haɗa ƙarƙashin wata mata da 'ya'yanta zai shiga, a kan babbar hanya. In ya faɗi ki ɗaga hannu ki ce ya faɗi, ko da layi zai tsaya kowa ya juyo ya kalle ki. Za su kalle ki dai, ko kin yi ko ba ki yi ba. Kuma ɗakin da za a sa ki, an zuƙe duk laimar da ke cikin iskarsa, don abin da ke cikin batir ba ya shiri da ruwa. Leɓe zai tsage, hanci ya bushe, ki fito kamar kin wuni da azumi. Ki sha ruwa kafin ki shiga. In kin yi alwala ki tsane hannu sosai kafin ki sa safar hannu. Na ajiye miki man kaɗanya a kan tebur, amma ki tambaya ko an yarda a shafa kafin shiga ɗakin.

Tambaya ma wani abu ne da ban iya ba. Shekara huɗu ina tara azahar da la'asar, lokacin sanyi har da magariba, sai na koma ɗaki in jera su, don ina jin nauyin in tambayi Bature inda zan yi salla. Babanki kuwa a makonsa na farko ya je wurin shugaban layinsu ya ce minti biyar yake so da wuri mai tsabta. Aka nuna masa lungu bayan tarin tayoyi, ya shimfiɗa kwali. Daga baya su shida suke sahu a wurin. Ki tambaya tun ranar farko, wurin salla da abin rufe kai da zai dace da kayan aikinsu, tun kafin su saba da ke a matsayin wadda ba ta neman komai.

Na kawo maganar Babanki, to bari in ƙarasa.

A wani shagon nama na Small Heath muka haɗu. Ina waya da kakarki ina ƙorafin kuɓewar Ingila, sai na ji an ce daga bayana, “Hajiya, je ki shagon gaba, tasu yau ta zo.” Na juya na ga dogon mutum cikin shuɗin kayan aiki. Ya ce ɗan zangon Kumasi ne. Ni mai digiri biyu ban san ana Hausa a Ghana har haka ba. Aikinsa ɗaura kujerar mota a kan layi: mota ta iso, ya zura kujera, ya ɗaure noti huɗu, ta wuce, wata ta iso. Ya ce in ya zauna a motar da ya taɓa yana ganewa. Har yau ban tabbata ko wasa yake ba.

Na so shi, Ummi. Ki riƙe wannan, don abin da zai biyo baya zai sa ki shakka. Na so shi, na aure shi, na kuma ji kunyar aikinsa, duka a lokaci guda, kuma ban ga wani abin mamaki a ciki ba.

Gida na gaya musu injiniya na aura. Kina goye Kawunki Sani ya zo wani taro a London, ya ce zai biyo ya kwana biyu. Kafin ya iso na kwashe takalman aikin Babanki da rigunansa na kai but ɗin mota. Na roƙe shi, na ce kwana biyu ne kacal. Muna cin tuwo Kawunki ya ce, “To Injiniya, wane ɓangare kake kula da shi?” Babanki ya gama haɗiye lomarsa ya ce, “Kujera nake ɗaurawa, Yaya. Ta hagu.” Na yi dariya da ƙarfi na ce, “Ka ji shi da wasa. Sashen kujeru yake nufi, duk a ƙarƙashinsa yake.” Ya dube ni ya ce, “Haka ne,” ya ci gaba da cin tuwonsa. Da safe da silifa ya fita cikin sanyi, ya sa takalminsa a bakin titi. Bai taɓa tayar da maganar ba. Da ya yi faɗa, da na samu abin kare kaina.

Kina shekara biyar kamfanin ya ware ranar da ma'aikata za su kawo iyalansu su ga inda ake aikin. Tun saura wata guda ya manna katin gayyata uku a jikin firij. Na ce ina da taro a uni. Ba wani taro, laburare na je na zauna ina karanta jarida. Gwaggonki ce ta kafa ɗaurin biki ta bi ku. Kika dawo da 'yar hular kwano ta roba, kika ƙi cire ta har a wanka, kina gaya min Baba ne yake yin mota, duk motocin titi shi ya yi su. Na ce, “Kujera kawai yake sawa.” Gaskiyar da na ɓoye wa Kawunki, 'yar shekara biyar na zaɓa na gaya wa. Ina fata kin manta.

Duk wanda za ki zauna da shi nan gaba, miji ne ko ƙawa, in kika ga sai kin gyara labarinsa kafin ki bai wa mutane, ki tsaya a nan. Ko ki faɗe shi yadda yake, ko ki bar shi ya samu wanda zai iya. Mutum yana sanin ana gyara shi ko ba ya ɗakin.

Kada kuma ki ɗauka don na yi nadama zan ce miki masana'anta uwa ce. Shekara goma sha huɗu Babanki ya ba su, bai taɓa makara ba. Da suka gano ana iya ɗaura kujerar nan da araha a wata ƙasa, a ɗakin cin abinci aka tara su, aka karanta musu takarda, aka ce an gode. Su ne dai yau, ko 'yan'uwansu, suka tuna da gida, suna rataya tuta a jikin sabon gini. Ban ce ƙarya suke ba. Suna buƙatar batir kusa da su, gwamnati kuma tana lallashinsu. Ranar da abin ya daina yi musu daɗi za su sake tuna wata ƙasar. Saboda haka ki gama koyon har ki karɓi takardar shaida a hannunki, ki shiga ƙungiyar ma'aikata ko da an yi miki kallon banza, ki manne wa masu gyaran inji ki san cikinsa, ba danna maɓalli kawai ba. Ki yi musu aiki tsakani da Allah, amma kada ki ba su zuciyarki, ba su nema ba.

Ranar da ya dawo da takardar sallama ya zauna a matakala bai ko cire jaket ba. Kin san abin da na ce? “Wataƙila alheri ne, yanzu sai ka koma makaranta.” Mutum ya rasa abin da ya iya a duniya, ni kuma ina ganin dama ta samu. In wani naki ya shigo da irin wannan fuska, ki zauna kusa da shi ki yi shiru. Shawara za ta iya jira har gobe. Makarantar ma bai koma ba, motar raba kaya ya kama, shekara biyu, har ranar da zuciyarsa ta tsaya.

Wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne ranar sadakar uku, don an kai ki gidan maƙwabta. A gidan Gwaggonki aka yi zaman makoki. Kin san gidan: falo a gaba, kicin a baya, sai ɗan tsakar gida inda ake ajiye kwandon shara. Falon cike yake da mutanena, 'yan Najeriya masu neman digiri na uku, da likitoci, da wani farfesa da ya taso daga nesa. A sanarwar da na tura musu, Injiniya Alhassan na rubuta. Ina sama cikin mata, sai na hango mutum bakwai ta taga suna duba lambar gida. Abokan layinsa ne na da: Turawa uku, ɗan Jamaika, 'yan Pakistan biyu, da wata mata mai jan gashi. Wasu daga wurin aiki suke, da rigunansu masu ƙyalli. Babbansu yana rungume da hoto cikin firam, Babanki ya durƙusa a cikin motar da ba a gama ba yana dariya, duk sun sa hannu a gefe.

Ni da ya kamata ina zaune cikin mayafi ana yi min gaisuwa, na riga kowa zuwa ƙofa. Na gode musu da Turancina mafi kyau. Na ce falo ya cika, na bi da su ta lungun gefe zuwa tsakar gida ta baya. Ana yayyafi. Hoton na karɓa na jingina a bayan firij, fuskarsa na kallon bango. Mutum ya shekara goma sha huɗu yana ɗaura kujera, abokansa a tsaye suka yi ta'aziyyarsa.

Gwaggonki ta leƙo daga kicin ta gan su. Ta shiga falo ta ce wa farfesa, “Malam, a taimaka a tashi.” Ta ɗauke kujerar da yake kai, ta dawo ta ɗauki ta kusa da ita, ta yi ta jida har bakwai. Ta zuba musu waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, da hannunta, ta zauna a dokin ƙofa tana jin labarin ƙanenta: yadda yake waƙa in layi ya tsaya, yadda ya koya wa mai jan gashin cin shito, yajin nan na Ghana, har ta yi hawaye ta ce a ƙara. Daga sama ina jin dariyarsu. Su ne suka san shi. Na falo ko sunan garinsu ba su sani ba.

Da suka tafi ta same ni a matakala. Ta ce, “Maman Ummi, da ransa kin ɓoye shi, na yi shiru don shi ya ce in yi shiru. Yau ma?” Na ce mata ba ta san yadda mutanenmu suke ba. Ta ce, “Na sani sarai.” Ina fita takaba na karɓi aikin Manchester, na ce miki haya ta fi sauƙi a Levenshulme. Duk hutu ɗanta ya zo da mota ya ɗauke ki, in raka ki bakin titi in dawo. Ita kuma ba ta taɓa gaya miki ba, tunda ga shi sai yau kike ji. Wannan ma wani abu ne da ta fi ni.

Kwana shida ina gaya wa kaina maganar amanar nan tsohuwar al'ada ce da ba ta da wurin zama a ƙasar da ake sa hannu a kwantiragi ta waya. Amma na san abin da take nufi. In na zauna a gabanta na ce ga Ummi nan, za ta tambaye ni, a gaban duk wanda ke falon, “Me ta zo yi?” Kuma ni zan amsa, da bakina. Ba wulaƙanci take nema ba. So take ta tabbata ba za ta sake riƙe wani nata da ake jin kunyarsa ba.

Akwai kuma wanda ya fi wuyar rubutawa. Ban taɓa yabonki a gabanki ba, na fake da cewa ke 'yar fari ce, kunya ce irin tamu. Ranar da takardar ɗaukarki ta zo kika bar ta a kan tebur, na karanta jerin abin da za a koya miki sau uku. Duk na san su. Abin da na ji ba kunya ba ce, kishi ne. Sai na ce miki kin watsar da gurbin uni don ki zama lebura. Ba ki watsar da komai ba. Kin yi daidai, kuma kin yi shi ba tare da wani ya tsaya miki ba.

Na sayi tikitin jirgin ƙarfe sha ɗaya na yau. Ba na so mu tafi tare gobe ki tsaya a tsakiyarmu kina kallon wannan kina kallon waccan, ba ke kika ɓata ba. Na ɗauki turmin atamfa da turare, da goron da na samu a shagon nan na Stockport Road, duk da na san ba su take jira ba. Ban gaya mata ina zuwa ba, don kada in samu hanyar fasawa. Ban san yadda za ta karɓe ni ba. Tana iya barina a waje in daɗe, kuma ba zan ce ta zalunce ni ba. In ta tambaya zan ce 'yar Alhassan ce, ta zo koyon haɗa batir a masana'anta, wani mako shift ɗin safe wani mako na dare, a taimaka a riƙa tashinta. Kada ki amsa wa mai ɗakin hayar nan tukuna. Ki jira wayata bayan la'asar. In ba ta karɓa ba ma zan gaya miki gaskiya.

Ban ce ki yafe min yau ba. Ki ɗauki lokacin da kike so.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare hannunki da idonki da numfashinki a wurin nan. Ya sa ki shiga da ƙafarki ki fito da ƙafarki kowace rana. Ya sa wa aikin albarka, Ya jiƙan Babanki Ya haskaka kabarinsa, Ya saka wa Gwaggonki da alheri, ni kuma Ya shirye ni ko da a makare.

Akwai miya a firij, ki ɗumama. Zan tura takardar ta ƙarƙashin ƙofarki in sauko. In kin ji an rufe ƙofar gida, ni ce. Kada ki sauko ki ce za ki raka ni.

Mamanki